Faɗin Ƙasa Ko Iya Zama Da Maƙwabta: Darasi Daga Boɗinga Da Shagari

Tun daga ranar 26 ga Yuli, 2023, lokacin da sojoji suka hamɓarar da gwamnatin Shugaba Mohamed Bazoum a Jamhuriyar Nijar, wata tsohuwar muhawara ta sake kunno kai a tsakanin masana da 'yan siyasa, har ma da masu zaman majalisa a bakin titi: shin me ya fi tsare ƙaramar ƙasa, faɗin ƙasarta da ƙarfin da take da shi na kare iyakokinta, ko kuwa iya zama da maƙwabta da ƙulla alkawari da su? Wannan tambaya ta wuce ta malaman jami'a kaɗai, domin amsar da shugabanni suka ba ta a Yamai da Abuja ita ce ke yanke ko manomin Tangaza zai je gonarsa ya dawo lafiya, ko kuma ɗan kasuwar Illela zai tsallaka Birnin Ƙonni da kayansa ba tare da fargaba ba.

Kafin a yi nisa, yana da kyau a fahimci abin da ake nufi da ƙaramar ƙasa. Nijar tana da faɗin murabba'in kilomita 1,267,000, wato a taswira ta fi Nijeriya mai kimanin 924,000 girma. Amma duk da haka, idan aka dubi yawan jama'a da ƙarfin tattalin arziki da yawan soja, sannan aka tuna cewa ba ta da gaɓar teku ko taku ɗaya, babu wanda zai yi gardama cewa Nijar ƙaramar ƙasa ce a gaban babbar maƙwabciyarta ta kudu. Ke nan ƙanƙantar ƙasa magana ce ta ƙarfinta idan an gwada da na waɗanda ke kewaye da ita. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya yi shakkar masu cewa faɗin ƙasa shi ne tsaro.

A ra'ayinmu, ganuwa da makami suna da aiki ɗaya da babu abin da zai yi shi a madadinsu, wato su sa maƙwabci ya ga cewa yaƙi ba zai biya masa bukata ba, har ya yarda a zauna a yi magana. Daga nan kuma aikinsu ya ƙare. Abin da ke sa talaka ya yi barci da ido biyu rufe shi ne alkawarin da aka ƙulla bayan an zauna, da kuma kula da shi a kullum don kada ya ruɓe. Ba sai mun je Turai neman hujja ba. Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato zuwa Jega zai ratsa garuruwa biyu, Boɗinga da Shagari, waɗanda tarihinsu ya ishe mu misali.

A yankin Boɗinga ne garin Sifawa yake, inda Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna bayan an ci Alƙalawa, har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato. Ƙanensa Malam Abdullahi kuwa a Boɗinga ya zauna a wancan lokaci. A wannan zama ne, a shekarar 1812, Shehu ya raba ɗawainiyar daula gida biyu, ya ba Malam Abdullahi kula da yamma, ya ba ɗansa Muhammadu Bello kula da gabas. Abin lura a nan shi ne, mutanen da suka kafa daula mafi girma a Afirka ta Yamma a ƙarni na 19 sun gane tun da wuri cewa cin ƙasa ya fi riƙe ta sauƙi. Shi kansa Malam Abdullahi, tun ana tsakiyar jihadi, ya taɓa barin runduna da niyyar tafiya Makka saboda abin da ya gani na son duniya a tsakanin wasu mayaƙa, sai jama'ar Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta musu Diya'ul Hukkami a kan yadda ake tafiyar da mulki bisa adalci. Damuwarsa ita ce yadda za a mulki ƙasar da aka riga aka samu.

Yankin yamma da aka damƙa wa Malam Abdullahi shi ne ya haɗa da ƙasar Kabi, kuma a nan ne misalinmu na ƙaramar ƙasa yake. Birnin Kabi ya faɗa hannun masu jihadi a 1805. A 1831 aka kashe Sarkin Kabi Karari, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato, inda ya shafe shekaru masu yawa. Mai kallo daga nesa zai ce an gama da Kabi. To amma a 1849 Nabame ya koma ya ɗaga tuta a Argungu, kuma abu na farko da ya dogara da shi shi ne ƙawance da Arawa da Zabarmawa da mutanen Dandi. Ba don wannan ƙawance ba, da wuya ganuwar Argungu da fadamar gulbin Kabi su iya tsare shi daga rundunonin Sakkwato da Gwandu, waɗanda suka sa shi a tsakiya.

An yi shekara kusan ashirin ana zubar da jini. Nabame ya mutu a fagen fama a 1854, magajinsa Yusufu Mainasara shi ma aka kashe shi, sannan a ɗaya ɓangaren Sarkin Gwandu Haliru ya rasa ransa a yaƙi a 1860. Da kowa ya gaji, sai wajen 1867 aka ƙulla sulhun da tarihi ya sani da suna Lafiyar Toga, wanda ya samo sunansa daga Sarkin Kabi Abdullahi Toga. A ƙarƙashin wannan sulhu, an amince da 'yancin Kabawa, aka kuma bar wa kowane ɓangare garuruwan da ke hannunsa. Shekara takwas aka yi manomi na noma, masunci na su, fatake na wucewa. Ganuwa ce ta kai Kabawa wurin zaman sulhu, babu musu, amma sulhun ne ya ba su abin da shekaru goma sha takwas na yaƙi suka kasa ba su.

Yadda wannan sulhu ya warware shi ne darasi mafi girma ga shugabannin yau. A 1875 mutanen garin Fanna suka sauya mubaya'arsu zuwa Gwandu, Kabawa suka ɗauki wannan a matsayin saɓa alkawari, suka rama da kwashe shanu, yaƙi ya dawo sabo. Gari ɗaya da garken shanu suka rushe zaman lafiyar shekara takwas, saboda babu wata tsayayyar hanya da aka tanada ta sasanta ƙananan rigingimun kan iyaka kafin su girma. Sarkin Kabi Sama'ila, wanda ya hau gadon sarauta a 1883, ya yi suna wajen jarunta, ya ƙone garuruwa da dama, ya kuma kori rundunar Sarkin Musulmi Abdurrahman da ta zo wa Argungu a farkon shekarun 1890. Amma duk wannan bajinta ba ta mayar wa Kabawa Birnin Kabi ba, ba ta kuma ba talakan kowane ɓangare kwanciyar hankali ba.

Ana cikin haka Turawa suka iso. A yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906, aka ja layi a kan takarda, aka yanke Dogondutsi da Doso, wato ƙasashen abokan ƙawancen Kabi, aka ba Faransa, haka ma Birnin Ƙonni da Maraɗi. Ƙasar da aka shekara kusan ɗari ana mutuwa a kanta, wasu ne can a Landan da Faris suka raba ta da alƙalami, ba tare da sun tambayi Sakkwato ko Argungu ba. Sakkwato ta faɗa hannun Ingilishi a watan Maris na 1903. Gabar da ke tsakanin gidajen biyu kuwa ba ta kwanta sosai ba sai a 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, aka shirya masa kamun kifi don girmamawa. Daga wannan ziyara bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali. Yau babu wani mutumin Boɗinga ko Yabo da ke kwana da tsoron harin Kabawa, kuma ziyara ce ta kawo haka.

Idan muka ƙara gaba kaɗan a kan wannan hanya sai mu iso Shagari, mahaifar Alhaji Shehu Usman Aliyu Shagari, shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983, wanda aka haifa a 1925, ya rasu a watan Disamba na 2018, aka kuma binne shi a garin. Shi kansa ya yi aikin malanta a Argungu a farkon shekarun 1950, don haka labarin Kabi ba baƙo ba ne a wurinsa. Sau biyu a zamanin mulkinsa aka kai Nijeriya bakin yaƙi da ƙananan maƙwabtanta a kan iyaka.

Na farko shi ne a watan Mayu na 1981, lokacin da jami'an tsaron Kamaru suka kashe sojojin Nijeriya biyar a ruwan da ke kusa da tsibirin Bakassi. Jaridu da 'yan siyasa da ɗalibai suka yi ca, kowa na kiran a ɗauki fansa. Shagari ya ƙi halartar taron ƙolin ƙungiyar OAU da aka yi a Nairobi don nuna fushinsa, ya kuma nemi Kamaru ta ba da haƙuri ta biya diyya. Shugaba Ahmadu Ahidjo, wanda ya san ƙarfin ƙasarsa, ya ba da haƙurin, ya biya diyyar. Mai ƙaramin tunani zai ce Kamaru ta ji kunya. To amma wannan ƙasa da ta sunkuyar da kai a 1981 ita ce ta kai ƙara Kotun Duniya a 1994, ta yi nasara ranar 10 ga Oktoba, 2002, aka sa hannu a yarjejeniyar Greentree a watan Yuni na 2006, aka kuma miƙa mata Bakassi baki ɗaya ranar 14 ga Agusta, 2008. Da bindiga ta dogara da ita, da wuya ta ga wannan rana. Ba mu manta da 'yan Nijeriya mazauna tsibirin da suka rasa matsugunansu ba, kuma har yau haƙƙinsu yana wuyan hukuma. Sai dai ta fuskar ƙaramar ƙasa, darasin a fili yake.

Na biyu shi ne a watan Afrilu na 1983, da sojojin Chadi suka afka wa wasu tsibirai a Tafkin Chadi. Runduna ta uku da ke Jos, ƙarƙashin Manjo-Janar Muhammadu Buhari, ta fatattake su har ta kutsa cikin ƙasar Chadi, Shagari kuma ya ba da umarnin a tsaya. A watan Yuli na wannan shekara ya gana da Shugaba Hissene Habre, aka buɗe iyaka, aka kuma ɗora wa Hukumar Kula da Tafkin Chadi, wadda aka kafa tun 1964, aikin shata iyakokin cikin tafkin. Masu sharhi da dama na lissafa wannan saɓani cikin abubuwan da suka ɓata tsakanin Shagari da hafsoshinsa kafin juyin mulkin 31 ga Disamba, 1983. Amma a ganinmu kowanne daga cikin mutanen biyu ya yi rabin aikin ne. Soja ya nuna cewa ba a taɓa ƙasar Nijeriya a kwana lafiya, shugaban farar hula kuma ya san inda ya kamata a ja linzami. Da an ci gaba da kutsawa, da Nijeriya ta ɗauko wa kanta yaƙin basasar Chadi, wanda Libiya mai arzikin mai ta shiga ta kuma fito da kunya.

Ita kanta Chadi ta koya mana wannan darasi a rikicinta da Libiya a kan zirin Awuzu. A 1987 sojojinta sun yi wa na Kanar Gaddafi mummunan kaye a arewacin ƙasar, amma ba su iya riƙe zirin ba. Hukuncin Kotun Duniya na watan Fabrairu 1994 ne ya tabbatar mata da shi, Libiya ta janye a watan Mayu na shekarar. Haka kuma Nijar da Jamhuriyar Benin suka kai rigimarsu ta tsibirin Lete gaban kotun, a watan Yuli na 2005 aka ba Nijar tsibirin ba tare da an yi yaƙi ba.

Mun san akwai masu cewa alkawarin ƙasashe takarda ce kawai, suna kafa hujja da yadda Iraƙi ta haɗiye Kuwaiti cikin 'yan kwanaki a watan Agusta na 1990, ko kuma halin da Falasɗinawa suka shiga bayan yarjejeniyar Oslo ta 1993. Hujjarsu tana da ƙarfi, kuma ita ce dalilin da ya sa muka ce dole ƙaramar ƙasa ta mallaki ƙarfin da zai sa a saurare ta. Amma a tambaye su, me ya dawo wa Kuwaiti da 'yancinta a watan Fabrairu na 1991? Ƙawayen da ta tara ne. Ko da an ninka mata faɗin ƙasarta sau goma, da hamada kawai za a ƙara wa tankokin Saddam su ratsa.

Wannan ya dawo da mu ga halin da ake ciki tsakanin Nijeriya da Nijar, ƙasashen da suka haɗa iyaka ta sama da kilomita 1,500, wadda ta shafi jihohi bakwai: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno. Gaskiya ɗaya ce, ɓangarorin biyu duk sun yi kuskure. Barazanar yaƙi da ƙungiyar ECOWAS ta yi a 2023, da rufe iyaka, da yanke wutar lantarkin da Nijeriya ke ba Nijar tun shekarun 1970, sun karya amanar da aka daɗe ana ginawa. Abin da ya sanyaya wutar shi ne ƙin amincewar sanatocin Arewa, da zirga-zirgar Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar da tawagar malamai zuwa Yamai. An ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024, amma tabon bai warke ba. A nata ɓangaren, gwamnatin Janar Abdourahamane Tchiani ta fice daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso a watan Janairu na 2025, sannan a watan Maris na shekarar ta sanar da janyewa daga rundunar haɗin gwiwa da ke yaƙar Boko Haram a yankin Tafkin Chadi.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Nuwamba na 2024 hedikwatar tsaron Nijeriya ta bayyana cewa 'yan ta'addar Lakurawa sun samu gindin zama a ƙananan hukumomin kan iyaka na Jihar Sakkwato, ta kuma danganta hakan da tsayawar sintirin haɗin gwiwa bayan juyin mulkin Nijar. A cikin wannan wata ne suka kashe aƙalla mutum 15 a garin Mera na ƙaramar hukumar Augie, cikin masarautar Argungu. Abin takaici, a kan shanu aka yi wannan kisa, kamar dai yadda Lafiyar Toga ta warware shekara kusan 150 da suka wuce. Su waɗannan mutane ba ruwansu da taswira. Idan an matsa musu a nan su tsallaka can, idan an matsa musu a can su dawo nan, kuma babu wata ƙasa daga cikin biyun da ke da sojan da zai tsaya a kowane taku na wannan iyaka.

Saboda haka muna kira ga mahukuntan Yamai da su tuna cewa 'yancin kai abu ne mai daraja wanda babu mai ja da su a kansa, amma ƙasar da kayan abincinta da magungunanta ke bi ta ƙasashen wasu kafin su iso, ba ta da garkuwar da ta fi kyakkyawar maƙwabtaka. Sabbin ƙawaye daga nesa za su iya sayar da makamai, amma ba za su zo su kwana a Ƙonni ko Gaya ba. Yakubu Nabame da maƙwabtansa na kusa ya fara.

Ga mahukuntan Abuja kuwa, muna tunatar da su cewa babba juji ne. Tsaron Sakkwato da Kebbi yana farawa ne daga Tawa da Doso, kuma duk ranar da Nijar ta rushe, Allah Ya kiyaye, mu ne za mu fara ɗaukar gawa. Ziyarar da babban hafsan tsaro na wancan lokaci Janar Christopher Musa ya kai Yamai a watan Agusta na 2024, da wadda ministan harkokin waje na wancan lokaci Yusuf Maitama Tuggar ya kai a watan Afrilu na 2025, matakai ne masu kyau, sai dai ziyara ɗaya a shekara ba ta riƙe alkawari. Ya kamata a ba Hukumar Haɗin Gwiwar Nijeriya da Nijar, wadda aka kafa tun 1971, kuɗi da iko na gaske, a dawo da sintirin haɗin gwiwa, a kuma rubuta a sa hannu cewa ba za a sake mayar da wutar lantarki da abinci da magani makamin siyasa ba, ko wane irin saɓani ya taso.

Haka nan gwamnatocin jihohin kan iyaka da sarakunanmu suna da nasu aikin. A kafa zaunannun kwamitoci na hakimai da ardo-ardo da shugabannin 'yan kasuwa daga ɓangarorin biyu, waɗanda za su riƙa zama a kai a kai don warware rigimar satar shanu da ta burtali da ta mashaya tun tana ƙarama. Sarakunan Gobir na Sabon Birni da na Tsibiri jininsu ɗaya, haka Katsina da Maraɗi, haka Argungu da Doso suna da tsohuwar amana. Wannan jari ne da ba kowace iyaka a duniya ke da shi ba, kuma barinsa a banza asara ce.

Kakanninmu sun gwada hanyoyin nan biyu a wannan ƙasa da muke takawa, sun kuma biya kuɗin karatun da rayukansu. Ba daidai ba ne a ce sai mun sake biya kafin mu gane cewa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Allah Ya ba shugabanninmu na ƙasashen biyu basirar gane haka, Ya kuma zaunar da iyakokinmu lafiya.